Shurin Sallau Bakanike

Wani mutum ne a Funtuwa, ana ce masa Sallau Bakanike. Yayana ne ciki ɗaya, bara ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ko a zaman makokinsa da wannan labarin aka share hawaye.

Sallau gyaran babur yake yi a bakin tasha. Hannunsa na da kyau, amma bakinsa ya fi hannun gudu. Babban abin alfaharinsa ƙafarsa ta dama, wadda ta shekara ashirin da biyu tana buga kik. Sai ya naɗe wando, ya shafa ƙwabrinsa, ya ce, "Kun ga wannan? Mashin ɗin da ya shekara uku a mace, bugu ɗaya ta tashe shi. Balle ɗan'adam mai hanji! Na taɓa shurin bijimi a kara, kafin ya kai ƙasa mahauta sun fara wasa wuƙa."

Ana nan sai unguwa ta kafa 'yan sintiri. Aka ɗauko wani tsohon soja, Saje Hashimu, wanda ya koyi kareti a bariki, ya riƙa horar da su a filin firamare. Saje ya ce ranar Asabar bayan la'asar za a kara mutum biyu-biyu. Wanda shurinsa na gaba ya fi kyau, shi ne kwamanda. Jar hula tasa, usur nasa.

Tun da Sallau ya ji zancen jar hula bai sake samun sukuni ba. A daren farko ma ya ce wa matarsa Indo ta fara kiransa Kwamanda, don bakinta ya saba. Amma zuwa horo? Ina! "Wa ke koya wa kada iyo?" in ji shi.

Ranar Alhamis dai ya leƙa ta kan katanga. Ya ji Saje na cewa, "Ɗaga gwiwa ta kai cibiya. Miƙa ƙafa gaba, yatsu a tanƙware sama. Ka doka, ka janye. Gaba, ba ƙasa ba!" Ya ga maza na dukan buhun yashi, tim! tim! Da ya koma gida ya shige bayan ɗaki, ya ɗaga gwiwa sau ɗaya. Ƙugu ya ce ƙaras. Ya sauke a hankali. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ya tuna da Barau mahauci. Barau ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar zaure sai a kunna fitila, kuma yana cikin 'yan sintirin. Babur ɗinsa wata biyu ke nan yana kwance a rumfar Sallau.

"Barau, kana son mashin ɗinka ya tashi?"

"Kamar yadda nake son aljanna."

"To ran Asabar kai zan zaɓa. Da ka ji na yi ihu, ka zube."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ka faɗi da kyau, irin faɗuwar da za a yi labari."

Barau ya sosa ƙeya. "Ƙafar taka fa? Kar ka yi mini irin na bijimin nan."

Sallau ya ji daɗin wannan magana har cikin ransa. "Zan tausaya maka. In kana tsoro, rufe ido."

Asabar ta yi, fili ya cika. Mai unguwa na kan kujera, mata na leƙe ta katanga, Indo a cikinsu. Jar hular na kan tebur tana ƙyalli. Sallau ya iso da farin wando, ya yi ɗamara da tsohuwar roba ta tayar babur, ya ce ai baƙin bel ɗin gwanayen kareti ke nan.

"Wa za ka kara da shi?" in ji Saje.

Sallau ya zagaya da ido kamar mai zaɓen ragon layya. "Ba na cin zalin ƙanana. A ba ni Barau."

Fili ya ce, "Kai!"

Suka tsaya, tsakaninsu taku uku. Barau ya runtse ido gam. Saje ya ce a fara. Sallau ya ja numfashi, ya ɗaga gwiwa, ya ƙwala ihu, "Hayyaaa!"

To, sabo turken wawa. Ƙafar da ta shekara ashirin da biyu tana buga kik hanya ɗaya ta sani. Ba ta yi gaba ba. Ƙasa ta yi, dim! Ƙura ta tashi. Can nesa kuma Barau, da jin ihu, ya dafe ciki, ya yi sama, ya zube rigijib kamar an sauke buhun masara daga kan mota. Har da birgima biyu.

Kowa ya dubi inda ƙafar ta sauka, ya dubi inda Barau ke kwance. Akuya za ta iya wucewa tsakani da 'ya'yanta.

Sallau bai daddara ba. Ya kaɗe wando ya ce, "Iskar ƙafar ce kawai. Da ta same shi, da yanzu ana neman likkafani."

Saje bai yi dariya ba. Ya ɗauko matashin fata ya riƙe a cikinsa. "Madalla, Malam Sallau. Ni tsoho ne, iska ba ta kayar da ni. Sa mini ƙafar nan. Gaba."

Sallau ya ɗaga gwiwa. Dim! Ƙasa.

"Gaba na ce."

Dim! Ƙasa.

Gumi ya keto masa. Ya cije leɓe, ya ɗan yi tsalle ya saki duk nauyinsa, kamar yadda yake yi wa mashin mai gardama. Dim! Dim! Dim! Sai wani daga cikin mahaya babur ya nuna da yatsa, yana riƙe ciki. "Jama'a, ku dubi hannunsa! Wallahi totur yake murɗawa!"

Aka duba. Ga hannun dama a miƙe cikin iska, yana murɗawa, ba tare da mai shi ya sani ba.

Daidai nan Barau ya buɗe ido ɗaya daga kwance. "Sallau, in tashi, ko da saura? Gyaran mashin dai na nan, ko?"

Abin da ya rage na fili ya tarwatse da dariya. Mai unguwa sai da hularsa ta faɗi. Ta bayan katanga aka ji muryar Indo, "Sannu da aiki, Kwamanda!"

Saje Hashimu ya ajiye matashin. Ya durƙusa, ya kara kunne kusa da ramin da ƙafar Sallau ta haƙa, ya saurara. Sannan ya miƙe, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Malam Sallau, bugu biyar, filin nan bai tashi ba. Ka duba fulogi, ko mu taru mu tura maka?"