Kurciya Mai Lalle

Kafin zuwan Nasara, in ana zancen tsuntsaye a Bodinga, ni ke da bakin magana. Nuna mini gashi ɗaya, in faɗa maka mai shi.

Wata kaka na tafi gaida surukaina a Dandin Mahe. Dab da gari na harbo wata tsuntsuwa da baka bisa damin gero, na yanka. Na jujjuya ta ina mamaki: babu baƙin zobe a wuya, amma ga ja tun daga ƙirji har fiffike. Na yanke hukunci, kurciya ce, irin wadda ba kowa ke dacewa da ita ba.

Na durƙusa gaban surukina, na baje fiffiken. "Baba, dubi jan nan. Kurciyar daji kaɗai Allah Ya yi wa shi."

Ya shinshina, ya miƙa ta bayan zana. Sai ga muryar surukata: "Malam, wagga ai tantabarata ta. Jiya nis sa mata lalle don kar ta ɓace."

Har yau in na shiga garin, sai mata masu ƙunshi su ce, "Ku ɓoye ƙafafunku, ga masanin kurciya nan da baka!"