Anaruwa Mai Sharar Maƙera

Ku matso, ku gyara zama, ga labari nan tafe gare ku.

A ƙauyen Kwarin Gawo akwai wani gidan maƙera da ake ce wa gidan Nomau. Su ba fartanya da lauje suke ƙerawa ba kamar sauran maƙeran ƙauyen, zubi suke yi. Sukan tara fasassun tukwanen ƙarfe da guntayen tsofaffin injuna, su narkar a tanderu, su zuba cikin akwatin yashi da aka riga aka fitar da siffar abin da ake so. In ya huce a fasa yashin, sai ga kaskon tuya, ko murhu, ko faifan injin niƙa.

Nomau ya rasu ya bar matarsa Inna Yalwa, wadda idanunta suka soma dushewa, da 'ya'ya maza biyu. Babban, Arzika, shi ya gaji hannun uban, ya kuma haɗa da zafin rai. Ƙaramin, Anaruwa, ya haura shekara talatin, ƙato ne, shi kaɗai yakan ɗaga uwar maƙera ya sauya mata wuri. Sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta shiga kunnensa haka take fita a hannunsa, ba ragi ba ƙari. Shi ke ɗebo wa Inna ruwa, shi ke riƙe mata hannu in za ta gidan suna ko gaisuwar mutuwa.

Da ciwon Nomau ya yi tsanani, ya kama hannun Arzika ya ce, "Kada ka raba ɗan'uwanka da maƙerar nan. In ba zai iya zubi ba, ya yi shara." Arzika ya amsa, amma alkawarin ya yi masa nauyi. Suna da wani kawu, Bagudu, can nesa tafiyar kwana biyu a kan jaki, wanda ya daɗe yana neman mai ƙarfi ya yi masa ban ruwan albasa. Duk lokacin da ran Arzika ya ɓaci sai ya ce, "Wallahi Kawu zan miƙa wa shi." Duk lokacin da ya faɗi haka, Inna ba ta iya cin tuwon ranar.

Wata rana, bayan an yi addu'ar arba'in, Arzika ya miƙa wa Anaruwa tsintsiya ya ce, "Share maƙerar nan. Kada ka daina sai tsintsiya ta daina kwaso ƙasa." Ya tafi kasuwa neman tsohon ƙarfe. To, daɓen maƙera na ƙasa ne. Anaruwa ya share, tsintsiya ta kwaso. Ya sake, ta sake kwasowa. Tsintsiya ta cinye, ya shiga gida ya ɗauko ta Inna. Da la'asar Arzika ya dawo da buhu a ka, ya sa ƙafa a bakin ƙofa, sai ya ji shi a rami har gwiwa, buhun ƙarfe ya biyo shi.

"Kai! Rijiya na ce ka haƙa?"

"A'a, Yaya. Shara ka ce. Har yanzu tana kwasowa, ka gani."

Kwana biyu suka yi suna cike ramin suna daɓewa. Inna, wadda ba ta kama sunan ɗan farinta, ta ce, "Mai maƙera, ka yi haƙuri. Ka ga dai bai yi ƙyuya ba."

Wata rana kuma an gama zubi, maƙera ta hargitse, awartaki can, masaba can, gawayi a warwatse. Arzika ya gaji, ya wanke hannu ya ce, "Kafin in dawo daga masallaci, komai ya koma inda ya fito." Anaruwa ya tsaya ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya, yana tuna asalin kowanne. Ya ɗora buhun gawayi a ka ya kai shi daji, ya zazzage a gindin kututturen ƙiryar da aka sare aka ƙona. Ya dawo ya kwashi fasassun tukwane, ya bi gida gida yana sallama, yana ce wa matan, "Ga tukunyarku, Yaya ya ce ta koma." Daga nan ya cire zuga-zugi, ya rungume su ya nufi gidan Sarkin Fawa.

Sarkin Fawa ya ce, "Anaruwa, mene ne wannan?"

"Fatar akuyarka ce, Baba. Tun babanmu yana da rai aka karɓo ta a nan."

Tsohon ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "To, in ka ga akuyar a hanya ka turo ta ta karɓi rigarta." Anaruwa ya ce to. Ba don Sarkin Fawa ya yi saurin riƙo hannunsa ba, da ya shiga gari neman akuya. Mutanen gari sun yi mako suna dariya. Arzika bai yi ba. Biyu daga cikin matan sun ƙi mayar da tukwanen, wai ai kyauta ta dawo wa mai ita.

Wata rana da hantsi aka cika tanderu da gawayi, aka ɗora tukunyar narki. Arzika ya zaunar da Anaruwa gaban zuga-zugi ya ce, "Yi ta zugawa. Kada ka tsaya sai na dawo na ce ka tsaya." Bayan gida kawai Arzika zai zaga. Yana fita ya ji salati a gidan maƙwabcinsu, mai gidan ya cika. Ya shiga, aka yi wanka da shi, aka yi sallah, aka kai, aka zauna karɓar gaisuwa. Batun wutar tanderu ya fita daga ransa gaba ɗaya. Sai da inuwa ta juya gabas ya tuna, ya taho da gudu. Ya tarar gawayi ya zama toka tun tuni, tukunyar narki ta tsage, ƙarfen ya tsiyaye ya daskare a gindin tanderu. Anaruwa yana nan inda aka bar shi, yana zuga toka mai sanyi. Tafin hannunsa biyu sun saɓule, jini ya jiƙa fatar zuga-zugin.

Arzika ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga hannun. Ya ce a hankali, "Tsaya."

Anaruwa ya saki zuga-zugi ya ce, "Na ji ƙishirwa, Yaya. Amma ban tsaya ba."

Ranar Arzika da kansa ya shafa masa man kaɗanya, ya naɗe hannun da tsumma, bai ambaci Kawu ba.

Amma akwai abin da haƙuri bai iya ɗauka ba. A kusurwar maƙerar akwai tulin baƙin yashi, wanda Nomau ya yi shekaru yana haɗawa: yashin rafi mai laushi, da yumɓu, da garin gawayi. Zubi bayan zubi ya sa ya nuna, har ya kai in ka dunƙula shi a hannu ya riƙe zanen yatsunka. Da shi ake yin akwatin zubi, kuma duk yankin ba mai irinsa.

Wata rana da damina aka aiko cewa mai injin niƙa na garin gaba zai zo ya ga wurin kafin ya ba da aikin faifai. Arzika ya dubi maƙera ya ji kunya, ya ce, "Anaruwa, duk abin da ya yi baƙi a nan ka wanke shi." Ya tafi tarbo baƙo. A maƙera kuwa mene ne bai yi baƙi ba? Anaruwa ya wanke masaba, ya wanke awartaki, ya goge bango. Sannan ya ɗauki kwando ya yi ta jidar yashin Nomau zuwa rafi, yana cuɗawa yana tacewa, baƙin ruwa yana bin gangare. Da Arzika ya iso da baƙonsa, ya tarar da tulin yashi fari tas, an shanya a tabarma. Ya durƙusa ya dunƙula, ya buɗe hannu, yashin ya zube ta tsakanin yatsunsa.

Bai yi ihu ba. Ya karɓi aikin faifan, ya raka baƙo, ya dawo ya zauna gaban uwarsa.

"Inna, na aika wa Kawu. Ran Asabar zai zo."

"Mai maƙera, ka tuna hannun da ya riƙe naka."

"Na tuna, Inna. Abin da hannun nan ya bar mana ne yau ya bi rafi."

Inna ta laluba ta ninke rigunan Anaruwa biyu, ta ƙulle su a zane, ta ajiye ƙullin a gefen gadonta tana ta shafa shi.

Ranar Juma'a, ana gobe Kawu zai zo, Arzika ya tashi da niyyar gama akwatin faifan. Ya haɗa sabon yashi, amma ya ƙi bushewa saboda damina, kuma in aka zuba narkakken ƙarfe a jiƙaƙƙen akwati tashi yake yi ya watsu a fuskar mai zubi. Anaruwa ya zo bakin ƙofa da tsintsiyarsa.

Arzika ya ce, "Yau kada ka taɓa abin da ke kan benci, kada ka taɓa abin da ke rataye, kada ka taɓa akwatin nan. Je ka zauna da Inna. In an sauko daga masallaci ka dawo, abin da ka tarar kwance a ƙasa ka kai juji. Kada ka tambaye ni komai."

Kafin azahar hadari ya haɗo da iska, ruwa ya goce. Don kada feshi ya taɓa akwatin, Arzika ya rufe ƙofa, ya cusa buhuna a tagogi biyun. Ya hura gawayi a kasko uku ya kewaye akwatin da su, ya zauna yana jira. Ya ce a ransa in ruwa ya tsagaita zai tafi masallaci. Can ya ji kansa yana sarawa. Ya ce gajiya ce. Ya ji wani barci mai nauyi yana jansa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa.

Da Anaruwa ya ji muryoyin masu dawowa daga Juma'a, ya tashi cikin ruwa ya tura ƙofar maƙera. Ya duba ƙasa. Ga guntayen katako, ga kashin ƙarfe, ga Yaya kwance. Ya tsaya ya yi tunani. An ce kada ya tambaya. Ya ce bari ya fara da mafi nauyi. Ya sunkuya ya saɓa Arzika a kafaɗa, ya fita da shi, ya bar ƙofa a buɗe, ya ratsa tsakiyar mutane, ya shimfiɗe shi a kan juji tsakanin toka da fasassun kasake. Ya koma ɗauko saura.

Mutane suka taru. Sarkin Fawa ya ce, "Yau kuma wansa ya zubar! Innalillahi, wannan wauta ta kai inda ta kai." Ya durƙusa ya girgiza Arzika, bai motsa ba. Dariyar da wasu suka fara ta tsaya. Wani ya ruga ya riƙo hannun Inna. Ruwa yana dukan fuskar Arzika, ana kiran sunansa, ana yi masa fifita da hula. An daɗe kafin ya ja wani dogon numfashi, ya juya ya yi amai, ya buɗe ido.

"Ina ne nan?"

"Juji ne, Yaya," in ji Anaruwa, wanda ya iso da kaya na biyu. A hannunsa na dama guntayen katako ne. A na hagu kazar Inna ce, wadda ta shige maƙera gudun ruwa. Ya ajiye ta kusa da wansa ya ce, "Ita ma a kwance na tarar da ita."

Kazar ta sandare, ba rauni ko ɗaya a jikinta. Sarkin Fawa ya juya ta, ya leƙa maƙera ya ga tagogi a toshe da kasake uku suna ci. Ya dawo ya ce, "Arzika, gawayi a rufaffen ɗaki? Ai ba ya hayaƙi, ba ya wari, barci kawai yake sa mutum. Da ƙaninka ya tsaya neman izini, da yanzu wanka muke maka."

Arzika ya daɗe yana kallon kazar. Inna ta durƙusa a cikin taɓo tana laluben fuskarsa. Anaruwa ya tsuguna gefe, ruwa yana zuba daga gemunsa, alamar wani abu yana damunsa.

"Yaya, ka ce kada in tambaye ka. Amma guda ɗaya ce."

"Tambayi."

"Gobe in na tafi, wa zai riƙa kai ka juji?"

Ba wanda ya yi dariya. Arzika ya miƙa hannu ya kama na ƙaninsa, ya dafa shi ya tashi zaune.

"Ba kowa," in ji shi. "Shi ya sa ba za ka ba."

Washegari Kawu Bagudu ya iso da jakuna biyu. Aka ba shi fura, aka ba shi labari, aka ba shi sabon kaskon tuya ya kai wa iyali. Ya kwana ɗaya ya juya, jaki guda yana biye da shi ba kowa a kai.

Iyakar abin da na ji ke nan, na kuwa ba ku shi yadda aka ba ni.