Rasuwar Baba Gurgur, Injin Tace Ruwan Kifi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Malam Japheth Dogo na Samaru, tare da uwargidansa Mama Sarah da 'yarsu Happiness, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amintaccen injinsu na tace ruwan kifi, wanda duk layin ya sani da Baba Gurgur. Ya rasu safiyar Talata yana bakin aiki, bayan shekara tara yana hidima.

Marigayin ya shigo gidan ne daga shagon Oga Adewale mai kifin ado a PZ ta Sabon Gari, girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, da ɗan soso a cikinsa. Bai taɓa neman hutu ba. Idan an ɗauke wuta ya yi shiru cikin haƙuri, idan an kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya: "Gur-gur-gur, ɓul." Da wannan ɓul ɗin ne mutanen gidan suke sanin wuta ta dawo, tun kafin yaran unguwa su yi ihu. Aibinsa ɗaya ne a idon maigidansa: ƙazanta. Sosonsa baƙi ƙirin ne, yana ƙarni, shi kuwa Malam Japheth shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, mutum ne da ko cokali aka miƙa masa sai ya ɗaga shi ya duba a haske.

Jarabawar ta zo ne ranar da Happiness ta kawo wa mahaifinta sabon akwatin gilashi, ninki uku na tsohon, da sabon inji fari tas wanda ba ya ko tari. Malam Japheth ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya wanke tsakuwa sau biyar, ya cika akwatin da ruwan famfo nan take, ya kamo jajayen kifayensa uku ya zuba. Da yake shiga sabon gida ne, ba a yin sa da rowa, ya watsa musu abinci ninki biyu. Shi kuwa Baba, ko na gode ba a ce masa ba. Aka jefa shi cikin bahon tsohon ruwa, wanda Mama Sarah ta ɓoye a bayan gida don ban ruwan shuwakarta.

Kwana biyu, ruwan sabon gida ya koma kamar tsinkakken koko. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki kamar 'yan kwayar coci da suka manta baiti. Ciyaman, babbansu, wanda ya girmi aikin Happiness da aurenta, ya fara kifewa gefe guda. Hankalin Malam Japheth ya tashi ƙwarai, don kifin nan ne abokin hirarsa tun da ya yi ritaya. Ya tari Keke Napep sai Sabon Gari, da ruwan a cikin kwalba, an wanke ta tas, ba sai an faɗa ba.

Oga Adewale ya ji bayani, ya ɗora hannu biyu a ka. "Haba Oga, ka kashe ni! Wannan datti na soso, shi ne likita fa. Akwai ƙananan abubuwa a ciki masu cinye gubar kashin kifi, sabon inji bai da su tukuna. Maza mayar da Baba. Rage abinci. Canja ruwa kaɗan-kaɗan, kuma ruwan famfo ya kwana kafin ka zuba. Ina sosonsa? Kar ka ce mini ka wanke!"

Bai wanke ba, amma saura ƙiris, don ya riga ya jiƙa sabulu. Ya dawo gida ya tarar da Mama Sarah a tsaye kan bahon. "Baban Happiness," in ji ta, "wanda ka kora shekaranjiya ne kake nema yau? Ga shi can, sai ka durƙusa ka ɗauko." Ya kuwa durƙusa.

Marigayin bai yi gori ba. Aka jona shi, ya yi tari sau biyu, ya kama: "Gur-gur-gur, ɓul." Kwana ashirin da uku tsohon nan ya yi yana jan ruwan da ya fi ƙarfinsa, gefe da sabon injin da ke tsaye yana kyau kawai. Ruwa ya washe. Ciyaman ya miƙe, ya koma halinsa na ture 'yan uwansa wajen cin abinci. Amma muryar Baba ta canja zuwa "kar-kar-kar", jikinsa ya riƙa ɗaukar zafi. Ranar Talata, ana cikin cin ƙosai, ya ce "ƙit", shi ke nan. An garzaya da shi wurin Kingsley mai gyaran rediyo, wanda ya shinshina shi, ya girgiza kai, ya cire hula. Malam Japheth ya yi kuka a gaban jama'a, kuma bai musanta ba.

Ya rasu ya bar kifaye uku: Ciyaman, da Sajan mai ƙaton ciki, da Madam Gwal, dukkansu cikin ƙoshin lafiya, sai tsohon akwati da yanzu ake ajiye albasa a ciki. An dasa sosonsa a cikin sabon injin, wanda tun ranar ya fara ƙarni, alamar ya kama hanyar zama mutum.

Za a binne shi ranar Asabar da ƙarfe huɗu a gindin shuwaka, bayan gida. Ankon mai launin ruwan lemo ne. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ƙwanƙwasa gilashi, kada kuma kowa ya ba marayun abinci, komai yadda suka buɗe baki, ƙarya suke yi, sun ci.

Ba za a yi wa mamacin wanka ba. Malam Japheth da kansa ya kulle sabulun gidan a akwati, ya miƙa wa Mama Sarah makullin.