Koren Takalmin da Ba a Saya Ba

"Lafiya lau, Dogo. Ya aiki? Ya rowa?"

"Rowa tana gaishe ki, amaryata. Ta ce a wurinki ta yi karatu."

Dogo jikan Kaka ne na fari, mai gyaran wutar lantarki, ya biyo daga wurin aiki domin ta aika a kira shi. Kwamfutar marigayi mijinta tana kan teburin falo inda ya bar ta, tabaransa a gefe. Tun rasuwarsa Kaka ba ta tsallake yini ba ta buɗe ta ba, wai labarai take karantawa.

"To, wa ya taɓa mini mata?"

"Wannan munafukar manhajar da ake shiga intanet da ita. Sau ɗaya tak na tambaye ta maganin ciwon gwiwa, a asirce. Jiya muna karanta labarai da maƙwabciyata, sai ga tallan maganin gwiwa, ga sandar dogarawa, ga haƙoran roba!"

"Har haƙoran ta sani? Lallai ta fi ni kula da ke."

"Rufe mini baki. Da haƙoran nan na tauna wa ubanka nama. Wa ya gaya mata shekaruna? Kakanka ma har ya koma ga Allah bai san su ba."

"Ba mai gaya mata, Kaka. Duk inda kika leƙa tana biye da ke, tana tarawa, tana kai wa 'yan kasuwa."

"Ashe 'yar gulma nake ciyarwa da wutar gidana."

Dogo ya ja kujera ya zauna. "Yanzu zan goge duk abin da ta sani, in toshe mata ido. Gobe ko ta gan ki a hanya ba za ta gaishe ki ba."

Bai rufe baki ba wani talla ya fito a gefen shafin: takalmin mata, kore shar, mai taushin ƙasa. Kaka ta ɗora hannu a kan nasa.

"Har da wannan za ka goge?"

"Duka suke tafiya. Au, kwalliya za ki yi mini? Da kore, kamar ɗanyen ganye?"

"Ni? Kore? Tun ina budurwa ban taɓa sa shi ba. Kakanka ne. Rayuwarmu duka yana cewa kore zai yi mini kyau, ina ce masa ya je a duba idonsa. Dubi lambar ƙafar."

Dogo ya danna hoton. Shafin shagon ya buɗe, ga takalmin a kwandon saye, an zaɓa ba a kammala ba. Lambar Kaka ce.

"Satin da zai kwanta asibiti ya ga ina ɗingishi," in ji ta. "Bai ce mini komai ba. Duniya duk ta yarda ya tafi, sai wannan marar kunyar. Kullum da safe sai ta fito da takalmin, tana tambayarsa ko har yanzu yana so."

Dogo ya gyara murya. "Ashe labaran da ake karantawa ke nan. Ina nan da raina, ana zance da tsoho a bayan idona."

"Tsohon ya fi ka iya zance. Kai me ka taɓa zaɓa mini?"

"To bari in saya miki yanzu, in rama."

"Kul! In ka saya, ta daina tambaya."

"Gwiwar fa? Maƙwabciya fa?"

Kaka ta dubi allon, ta daɗe tana dubansa. "Bar manhajar ta gaya wa duk unguwa. Ta haɗa da haƙoran."

Dogo ya yi dariya har da share ido, ya ɗaga hannuwa sama. "Na sallama. Mutum ba ya nan, amma ya ƙwace mini mata."

"Da ma aro aka ba ka. Tashi daga kujerarsa, ka je kicin, na ajiye maka abinci."

Ya tashi ya nufi kicin. Kaka ta zauna a kujerar, ta goge allon da gefen mayafinta, ta bar takalmin a kwandonsa.