Sarkin Ƙorafi a Babban Allo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aikina ya yi kyau fiye da yadda nake so ba. Har yau idan muka bi ta Lusail na hango dogon benen nan, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, amma kuma in ji kafaɗata ta ɗan ɗaga.

Lokacin ban daɗe da zuwa Doha ba. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke ni, masu haɗa akwatunan da ke sarrafa ruwan sanyi a manyan gine-gine. Wanda ya san zafin garin nan ya san wannan ba aikin wasa ba ne. A kan gwaji aka ɗauke ni, kuma saboda kwangilar bene guda ɗaya tak. Kamfanin ne kafil ɗina, wato zamana a ƙasar a jikinsa yake rataye: idan kwangilar ta tafi, ni ma na tafi. Ga shi na ajiye aikin koyarwa a gida, na lallashi maigidana ya biyo ni, yara sun fara makaranta a Garrafa. A Zariya har walimar bankwana aka yi mana, gwaggona ta sha kuka sannan ta tafi da firijina. Da wane ido zan koma in ce a dawo min da shi?

Matsalar ita ce akwatin namu yakan sume. Haka kawai ya daina amsawa na ɗan lokaci, hawa guda ya fara ɗumi, kafin ma'aikatanmu su isa ya farfaɗo kamar ba abin da ya faru. Mai kai ƙarar kuwa babban injiniyan benen ne, wani dattijo ɗan Ghana da muka sani da Mista Adams. Furfura fes, kwat ko da ana narkewa, Turanci kamar a rediyo. Mutumin nan ba ya gajiya da kira. Da safe ya kira, ina cin abinci ya kira, kuma kullum magana ɗaya: wai idan an sauya famfo ne abin ke faruwa. Shugabana, Oga Karim, ya ce tsufa ne ke damunsa. Kamfanin da ke sayar mana da wani sashe na manhajar suka ce nasu lafiya lau yake. Ni ce ƙarama, don haka wayar a kunnena take ƙarewa, kuma gaskiya na tsani ƙarar wayar nan.

To, ina da wata ɗabi'a. Manhaja ƙananan ayyuka ce aka jera, kowanne muna ce masa fankshin, kuma kowanne sai mai rubutu ya raɗa masa suna. Na waje, waɗanda kowa ke gani, ina ba su sunaye na mutunci da Turanci. Na can ciki kuwa, waɗanda ba mai leƙawa, nan nake huce haushina. A ofishinmu akwai 'yan Masar, akwai 'yan Indiya, akwai 'yan Filifin, Bahaushiya ni kaɗai, sai na mai da Hausa ɗakin sirrina. Fankshin da ke zaman jira na sa masa sai_baba_ta_gani. Wanda ke haɗiye duk bayanan da aka ba shi bai ƙoshi ba, tumbin_oga (Allah Ya yafe min, amma wanda ya ga Oga Karim zai fahimce ni). Wanda kuma ke komawa kowane lokaci yana tambayar ko sanyi ya isa, ba ya gajiya, ba ya jin kunya, na sa masa adams_sarkin_korafi. Ranar da na rubuta shi na yi dariya ni kaɗai har na ƙware da shayi.

Da abin ya ƙi ƙarewa, masu benen suka sa ranar taro. Ko mu nuna inda cutar take, ko su nemi wani kamfanin.

Akwai hanyar gano irin wannan cuta. Akwatin namu babbar manhajar da ake kira Linux yake amfani da ita, kuma zuciyarta, wadda muke kira kanel, tana da wani mai bin sawu da ke rubuta sunan duk fankshin da aka shiga da lokacin da aka shiga. Sai dai ba ya ganin kowa sai wanda aka nuna masa ƙofarsa. Idan an juya rubutunmu zuwa harshen inji, ana samun fayilolin da muke kira objek, kuma a bakin kowane fankshin akan bar ɗan gurbi. Daga nan wata ƙaramar manhaja takan bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta tattara inda guraben suke, ta liƙa bayanin a jikin fayil ɗin. Kamar dai masu rigakafi da ke bi gida-gida suna sa alli a bango. Gidan da ba alli, mai duba aiki wucewa zai yi.

Duk lokacin da na kunna mai bin sawun, sai ya zayyano min fankshin na Linux kaf, amma da ya iso namu da na kamfanin can sai ya yi gum. Kamfanin can kuwa objek kawai suke aiko mana, ba sa ba da rubutunsu, balle in karanta. Na buɗe fayilolin na ga guraben suna nan daram. To me ya hana a gan su? Na yi ta fama har maigidana ya fara tambayata ko da kwamfuta aka ɗaura min aure.

Sai da safiyar ranar taron Allah Ya buɗe min ido. Ashe mai sa allin unguwannin da ya san sunansu kawai yake shiga. Waɗanda suka riga ni aikin sun zuba rubutunmu da na kamfanin can a wani sashe mai baƙon suna, shi kuwa yana zuwa nan sai ya tsallake, ko sallama ba ya yi. Na koya masa sunan sashen, na sake bi da shi ta kan fayilolin, na duba na ga bayanin ya liƙu a jikin kowanne. Na yi hamdala. Abin da ban samu yi ba shi ne in gwada a kan akwati, domin irinsa yana can benen, ga Oga Karim a bakin ƙofa da makullin mota yana ta "Yalla, yalla," wato in yi sauri. A hanya ba abin da nake tunani sai fankshin ɗin kamfanin can da zan kama. Ko sau ɗaya ban tuna cewa nawa ma a unguwar suke zaune ba.

Ɗakin taron yana ƙasan benen, kusa da famfunan, da wani allo da ya kusa cinye bango. Wakilin masu benen yana zaune da farar rigarsa yana juya waya, alamar ya riga ya yanke hukunci. Mista Adams ya harɗe hannu. Na ɗora sabon kanel a akwatin, na jona kwamfutata da allon, na yi bisimilla a zuciya, na kunna.

Sunaye suka fara zubowa. Na Linux suka wuce, sai ga na kamfanin can, waɗanda ba wanda ya taɓa gani a ofishinmu. Oga Karim ya bugi tebur don murna. Ni kuwa har na gyara zaman mayafina ina shirin yin bayani irin na manya. Sai idona ya sauka a tsakiyar allon.

adams_sarkin_korafi
adams_sarkin_korafi
tumbin_oga
adams_sarkin_korafi

Da manyan baƙaƙe, layi bayan layi, saboda shi ne fankshin da aka fi kira a duk akwatin (ai shi ya sa na ba shi sunan). Na fara lallashin kaina: sunansa kawai zai gane, sauran zan ce gajarta kalmomi ne na fasaha. Wa zai ji Hausa a ƙasan bene a Lusail?

Mista Adams ya ciro tabarau, ya goge shi a hankali, ya matsa kusa da allon.

"Adams," ya karanta, "sarkin ƙorafi."

Da ƙa ɗinsa da komai. Ba irin karatun mai haɗa baƙi ba, karatun wanda ya sha Hausa a nono. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne mai kauri, kuma ga allon yana ta ƙara zubo shaida a kaina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni kuwa da hannuna na kira hadarin.

Oga Karim ya tambaya da Turanci me ake nufi. Dattijon ya fassara masa daidai, bai rage ko wasali ba. Wakilin masu benen ya ajiye wayarsa a karo na farko. Oga Karim ya yi min wani kallo da na ga firijina a cikinsa.

Sai Mista Adams ya juyo gare ni, da Hausarsa ta Zango.

"'Yata, wane gari?"

"Zariya, Baba," na ce, murya kamar ta sauro.

"Bazazzagiya ce ashe. To, magana ya ƙare. Ni Adamu ne, ɗan Zangon Kumasi, kakana Bakano ne, goro ya kai shi can. Dama Zage-zagi ba su iya ganin iyayen gidansu su yi shiru."

Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Wasan Kanawa da Zage-zagi, a nan, a bakin mutumin da na shafe watanni ina zagi a ɓoye. Ƙofa ya buɗe min, kuma na san idan ban shiga ba na cika sakarya.

"Baba, ai sarauta na ba ka. A Kano ma nema ake yi."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na girgiza, sannan ya tsuke fuska.

"To sarki ya ba da umarni. Wannan na'ura ya daɗe yana mai da ni maƙaryaci. Ki bar abin naki a kunne."

Ya ɗauki rediyonsa na oba-oba ya ce wa mutanensa su sauya famfo. Muka zuba wa allon ido. Da farko ba komai, sunaye na ta gudu yadda suka saba, ni kuma ina ta karanta duk addu'ar da na iya. Ya ce a sake. Ana sakewa sai gudun ya canja. Sarkin ƙorafi ya shiga, ya kira wani fankshin na kamfanin can, shi kuma wancan ya ƙi fitowa. Sunan wancan ɗin kaɗai ya cika allon, yana ta tambayar famfon da aka riga aka kashe, ba wanda ya koya masa ya haƙura. Duk sauran aikin akwatin ya tsaya yana jiransa. Ga lokacin shiga a rubuce, ga lokacin da ya saki, ba wurin musu.

Na miƙe na tsaya gaban allon, na nuna layin da yatsa, na yi bayani tiryan-tiryan: ga inda yake maƙalewa, ga dalilin da ya sa ba a taɓa gani ba, ga yadda za mu kewaye shi kafin masu shi su gyara. Ban taɓa jin daɗin Turancina irin na ranar ba. Wakilin masu benen ya dubi Baba Adamu, Baba Adamu ya gyaɗa kai.

"Khalas," in ji wakilin, wato shi ke nan. "Ku gyara, mu ci gaba."

Kalmar nan ta fi min duk waƙoƙin da aka yi min ranar aurena daɗi. Na koma na zauna.

Muna tattara kaya Oga Karim, wanda fara'arsa ta dawo har ta yi yawa, ya sake duban allon. Ya sa yatsa a kan tumbin_oga, ya tambayi Baba Adamu wannan kuma fa. Dattijon ya dubi sunan, ya dubi gaban rigar Oga Karim inda maɓalli ke neman agaji, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan kalmar fasaha ce," ya ce masa da Turancinsa na rediyo. "Babban rumbu."

Oga Karim ya ce suna ne mai ma'ana.

An tabbatar da ni a aiki, yara suna nan a makarantarsu, gwaggo kuma ta ci firiji halak malak. Washegari na zauna na sauya sunayen nan kaf zuwa Turanci mai ladabi, ban da guda ɗaya, domin mai shi ya ce idan na taɓa sarautarsa zai kai ƙara. Har yanzu yana kira, kuma ba ya cewa komai sai "Sarki ne." Matarsa ma ta aiko min da shito, soyayyen barkonon Ghana, a kwalba, mai yajin da ya sa ni hawaye, ina zargin da gangan ne.

Abin da na koya guda biyu ne. Na farko, Hausa ba ɗakin sirri ba ce; duk inda ka je a duniyar nan, goro ya riga ka kai wani. Na biyu, kafin ka koya wa mai sa alli hanyar wata unguwa, ka tuna ko a nan gidanku yake.