Baƙuwa a Wurin Aikina

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na ci kwalliya na kai ziyara makarantar da nake koyarwa a Haɗejiya, ina ganin kaina baƙuwa, alhali kwana goma ke nan ana nemana.

Ga yadda abin ya faro. Ni malamar aji uku ce a wata firamare mai zaman kanta. Da cikina na fari ya tsufa, makaranta ta ba ni hutun haihuwa na wata uku. Shugabarmu, wadda muke kira Hajiya, ta miƙo mini takarda ta ce in karanta in sa hannu. Na sa hannu, ban karanta ba (ni da kullum nake wa yara faɗan su karanta tambaya kafin su amsa). Na ninke ta na cusa a jaka, na wuce gidanmu a Guri goyon ciki. Sai da na yi wata guda cur a can kafin in sauka.

To a gidanmu ba a ƙirga wa mai jego komai sai daga ranar da ta haihu. Suna kwana bakwai, wanka kwana arba'in. Don haka da Inna ta tambaye ni hutun nawa ne na ce wata uku, sai ta lanƙwasa yatsu ta ce, "Ashe bayan arba'in ma kina da kwana hamsin." Na ce haka ne. Ko kusa bai zo mini a rai cewa hutun ya fara tafiya tun ranar da na bar makaranta ba.

Ana cikin haka wayata ta faɗa cikin ruwan wankan jego ta dahu. Maigida ya kawo mini wata da sabon layi, ni kuma na ƙi ba kowa lambar a makaranta. Wai so nake in ga wanda zai sha wahalar nemana.

Abin da ya fi cin raina kuwa shi ne in koma aikin ko in ajiye. Inna cewa take, "Ki bar ɗan mutane da ɗanyen jiki ki tafi renon 'ya'yan wasu?" Maigida ya ce duk wanda na zaɓa daidai ne, amsar da ba ta taimaki kowa ba. In na kalli yaron (ɗan fari ne, kada ku sa ran jin sunansa a bakina) sai in ji ba inda za ni. In na jiyo yaran maƙwabta suna karatu da ƙarfi kuma sai zuciyata ta yi tsalle. Ga wata tambaya da ta hana ni sakat: wa aka ba ajina? Ta iya? Yaran suna kewata, ko sun ma manta da ni?

Son jin wannan ne ya fitar da ni. Ina da kwana saba'in da haihuwa, mun dawo Haɗejiya, na ce bari in kai jariri a gani, in ɗan leƙa abin da ake ciki. Na sa leshi, na sha lalle, na ɗaura ɗankwali mai tsayi, na cika leda da dubulan da cincin.

Da na shiga ɗakin malamai sai na ga ana kallon juna. Na ɗauka kyan da na yi ne. Na zauna, na harɗe, aka karɓi yaro ana sa masa albarka. Wata matashiyar malama mai suna Zulai, wadda ashe ita ke riƙe da ajina, ta gaishe ni a ladabce ta ce, "Malama, kin dawo ke nan?"

Nan fa na buɗe baki. Na ce, "Ina! Ai da saura, ina da kwana ashirin a gaba. Kuma ni fa har yanzu nazari nake. Aikin nan in na ga dama in dawo, in ban gani ba shi ke nan. Sai dai in Hajiya ta lallashe ni."

Babu wanda ya yi dariya. Na bi idanunsu na waiwaya, sai ga Hajiya tsaye a bakin ƙofa, da alama ta daɗe a wurin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, barka da arziki. Zo ki karanta mana wannan." Kwafin takardata ce. Ranar komawa aiki na nan ɓaro-ɓaro, ga sa hannuna a ƙasa har da 'yar kwalliyar da nake masa. Na karanta a gaban kowa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ta ce, "Mun kira layinki har mun gaji. Kwana goma nake roƙon mai makaranta ya ƙara haƙuri. Yau ya ce in ba Zulai gurbin dindindin in ba ki zo ba. Tunda nazari kike, sai ki gaya mini in..."

"Ina alli?" na ce.

Ni kaina na yi mamaki. Wata biyu ina juya maganar, amma da aka zo karɓe ajin ko numfashi ban ja ba. Haka na goya yaro na shiga aji uku da leshi da lalle. Yara suka miƙe suka gaishe ni, wata a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, biki za ki?" Na ce ta buɗe littafinta.

Zulai dai an ba ta aji biyu, kuma mun zama ƙawaye, ko da yake har yau in na yi jinkirin yanke shawara sai ta ce ko a kira Hajiya ta lallashe ni.

Abin da na koya? Takardar aiki ba ta san arba'in ba. Sannan in kana son aikinka, ka faɗa tun da wuri da bakinka, kada ka tsaya jan aji har a ba wani ajin.