Mainasara da Giyar Tarakta

"Lahiya lau, bawana. Ina gajiyar hawan jakin Nasara?"

Tani ke nan, tsaye a bakin fadamarta ta Shagari, ta riƙe ƙugu. Wanda take yi wa magana Mainasara ne, ɗan gwaggonta, taubashinta tun suna yara. Damina ta kawo kai, shi kuma an turo shi daga Bodinga da taraktar da Baturen gona ya koya masa tuƙawa, ya yi wa mutane huɗar shinkafa. Da la'asar zai wuce Kajiji. In bai taɓa gonar Tani yau ba, ruwa zai cika fadamar, bana ta yi asarar shuka.

"Jaki? Wanga ƙarhen kika ce ma jaki? Ja da baya, Tani, kar ki shahwa mai tsatsa."

"Kai da ko akuya ba ka iya ɗaurewa, wa yab ba ka amanar abin mutane?"

"Bature da kainai. Yac ce duk ƙasar Sakkwato babu mai kai irin nawa."

"Ai gaskiya tai. Girman kan yag gani, ya ɗauka da wani abu ciki."

Mainasara ya gyara zama, ya dafa sandar da ke tsakanin ƙafafunsa. "Dubi nan, baƙauya. In taka kuloci da hagu, in sa giya..."

"Giya! Innalillahi! Gwaggo ta kai ka makarantar allo, ka ƙare ga giya da rana tsaka?"

"Ba ta sha ba, ta mota! Ta ɗaya, ta biyu, ta ukku."

"Har ukku? Shi ya sa idonka yay yi ja. Bari in aika a gaya ma liman."

"Aika. Ni ko in juya in tahi Kajiji, ki huɗe gonarki da haƙoranki. Ai sun kai garma tsawo."

Tani ta dubi gabas, ta ga hadari ya fara haɗowa. "To, Sarkin Ƙarhe, nuna muna."

Ya taka kuloci, ya murɗa sandar har ta yi ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Ya saki ƙafa. Tarakta ta zabura, amma da baya. Kaji suka watse, manoman da ke kallo suka yi ta kansu, shi kuwa hularsa ta faɗa kwata kafin ya lalubo birki.

"Ina za ka? Bodinga za ka koma da ƙeya?"

"Ribas na gwada! Kowane direba sai ya gwada ribas."

"Ka gwada ta ga dangar Malam Isa, ga ta can kwance."

Ya sake sa giya, wannan karon ta yi gaba. Ya miƙe har ƙarshen gona, ƙirji a buɗe, yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya juyo sai ya tarar Tani ta zauna a ƙasa, dariya ta hana ta numfashi.

"Mi ne ne kuma?"

"Waiwaya! Garmarka tana sama tana shan iska. Sararin Allah ka huɗe muna?"

Ya waiwaya. Ko ciyawa ɗaya bai tumɓuke ba, don ya manta da hannun da ke sauke garma.

"Auna gonar ni kai. Ke mi kis sani ga aikin ilimi?"

Ya tura hannun a hankali, garma ta sauka ta nitse. Baƙar ƙasa ta fara kifewa a bayansa, layi bayan layi, kamar kitso. Dariyar Tani ta tsaya. Aikin da kan cinye wa mazan gidansu kwanaki, ga shi ya ƙare tun ba a kira la'asar ba. Yayyafi ya fara sauka Mainasara na ɗaga garma a kunyar ƙarshe.

Ya diro, fuska duk baƙin mai. "To, ɗiyar kawu? Hwaɗi abin da ke bakinki."

Tani ta kwance bakin zane, ta fito da farin goro biyu, tana dariya.

"Na sallama, aradu. Ungo. Babban na ƙarhen ne, shi yay yi aikin. Kai riƙe ƙaramin, ladan zama bisa."